Tafin Hammadu Bakanike

Duk wanda ya taɓa tura mota a Yelwa ya san Hammadu bakanike, wanda garejinshi ke ƙarƙashin tsohuwar ceɗiyar nan ta hanyar fita Shanga. Gareji dai suna ne kawai: benci guda, akwatin sifana, sai randar ruwa. Amma in motarka ta fara tafasa, ko a Wara kake, sai ka samu mai ce maka, "Kai ta wurin Hammadu ya taɓa ta."

Taɓawar kuwa ita ce sana'ar. Hammadu bai yarda da allurar zafin nan ta gaban direba ba, ya ce rabinsu maƙaryata ne, rabin kuma sun mutu tun zamanin soja. Shi sai a tada mota a bar ta ta ɗauki ɗumi, ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafi bisa tiyon sama, ya sauko na ƙasa, ya sa a kashe inji ya shafa fuskar lagireto kamar mai duba goshin jinjiri. Sai ya ɗago ya faɗi ciwon. Fambel ya saki. Famfon ruwa ya cinye fukafukanshi. Gasket ya ƙone, leƙa bakin lagireto ka ga kumfa. 'Yan zaman benci sun ce akwai direban da ya ba shi hannu suka gaisa, daga musabaha kawai ya ce mashi motarka na shan ruwa, alhali motar tana Kontagora.

Asalinshi ɗan rugar Fulani ne ta wajen Shanga. Tun shina ƙarami yake kama kunnen saniya ya san ko zazzaɓi gare ta. Shanu suka ƙare a wata shekarar ciwo, ya shigo gari ya koyi ƙarfe, hannun kuma ya biyo shi. Ya auri Rakiya mai suyar kifi a bakin kasuwa, macen da ke juya kifi cikin tafasasshen mai da yatsa, in ka yi magana ta ce man bai ma yi zafi ba. Ɗiya guda Allah ya bar masu, Firdausi, tana aure a Argungu.

Wajen shekara biyar da suka wuce ciwon suga ya kama shi. Ya fara daga ƙafa, ya dinga jin kamar shina taka auduga. Sannu a hankali abin ya hau yatsun hannu. Bai gaya ma kowa ba. Rakiya ce ta gane, ran da ya ɗauke murfin tukunya daga bisa garwashi ya riƙe shina ba ta labari, ba tsumma ba komai.

"Malam, aje murfin nan."

Ya aje. Ta kama hannun ta buɗe, ta ga yatsu sun yi fari. Ba ta yi kuka ba, shi ne ma ya kusa yi. Ya ce mata in garin nan ya ji hannun Hammadu ya mutu, to Hammadu ya mutu, don sifana kowa na da ita.

Daga ranar aka ga sabon abu a gindin ceɗiya. Duk motar da ta zo da zafi sai Hammadu ya ce a jira ta huce, da azahar a duba. Da azahar sai ga Rakiya da kwanon abinci. A tada inji ya ɗauki ɗumi, ta zo ta tsaya gefen mota, wai tana kallon mijinta na aiki, ta dafa nan, ta dafa can, ta sunkuya kusa da kunnenshi ta yi magana. Shi kuma ya ɗora nashi tafin, ya lumshe ido, ya ɗago ya faɗi ciwon.

Dudu mai faci, wanda rumfarshi ke jikin garejin, bakinshi kuma ya fi famfonshi iska, ya zagaye Yelwa da labarin cewa tsufa ya zo ma Hammadu da soyayya. Wai har raɗa suke yi ƙarƙashin bonet kamar 'yan makaranta. In ta taho sai ya ce, "Inna Rakiya, an zo duba angon?" Ta ce, "An zo, Dudu. Kai da ba a duba ka, ga ka nan duk ka sace kamar tayoyinka." A yi dariya. Shekara uku ana wannan dariya, kuma ba motar da ta taɓa komowa da ciwonta.

Damina ta bara Rakiya ta kwanta, kwana tara ta cika. Bayan sadakar bakwai Hammadu ya komo gindin ceɗiya, ya rame har hularshi ta yi mashi yawa. Birki in an kawo ya gyara, kulochi ya gyara. Mai zafin inji kuwa sai ya ce mashi yau ba ya jin daɗi, a kai wani wuri. Mutane suka ce baƙin ciki ne, suka yi mashi uzuri wata guda, wata biyu.

Sai ga Jacob. Shi Jacob Bakambare ne na wajen Ngaski, shina da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu da yake shiga ƙauyukan bakin ruwa da ita, inda hanya ta ƙare sai laka, ya kwaso banda da buhunan shinkafa. Shekara ashirin ba wanda ke taɓa mashi ita sai Hammadu. Ya iso da hantsi, mota na huci kamar tukunyar ɗanwake.

"Baba, na daure saboda makokinka, amma ta gagara. Can Wara sun cire mata tamostat, ɗan ƙarfen nan mai daidaita zafin ruwa, wai kayan ƙasar sanyi ne. Sun canza murfin lagireto, sun canza fambel. In tana bisa kwalta lafiya lau. Da na sa giyar ƙarfi cikin laka sai ta tafasa."

"Kai ta wurin yaran nan na tasha."

"Na kai. Sun ce a sauke kan inji. Baba, in an sauke kan injin nan kakar bana ta wuce ni. Taɓa ta kawai."

Benci cike yake. Dudu ya aje tayar da yake faci ya matso. Hammadu ya dubi hanyar kasuwa, inda ba mai zuwa, sannan ya tashi ya naɗe hannun riga.

Aka tada mota. Ya buɗe ido sosai, ya kasa kunne, don su kaɗai suka rage mashi. Fambel a ɗaure yake. Fanka na juyawa da ƙarfi. Hayaƙi ba fari ba ne, ƙarƙashin mota ba ɗigo. Duk abin da ido zai iya ya gama, saura na hannu. Ya sa aka kashe, ya ɗora tafin dama bisa tiyon sama. Ya ji kamar ya dafa buhu. Ya sauko na ƙasa, buhu. Ya sunkuya ciki sosai don ya kai fuskar lagireto, ya dogara da hannun hagu bisa wani ƙarfe, shina shafawa da na dama, shina roƙon Allah ko ɗan ɗumi ya ji. Ya daɗe a haka, yadda ya saba daɗewa, har ya fara shirya abin da zai faɗa.

Dudu ne ya fara shaƙar hanci. "Wa ke babbaka a nan?"

Jacob ya leƙa, ya fizgo Hammadu da ƙarfi har hula ta faɗi. Ashe bisa bututun hayaƙin inji ya dogara. Fatar tafin ta zauna can jikin ƙarfen. Hammadu ya dubi hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Jacob ya ja shi bakin randa ya tsoma hannun, ya ce a hankali, "Baba, ba ka ji ba?"

"Ban ji ba."

"Tun yaushe?"

"Tun tana da rai."

Ba wanda ya tambayi wa, kowa ya san Rakiya yake nufi. Dudu ya buɗe baki ya rufe, karo na farko a tarihin Yelwa.

Jacob ya ce a tafi asibiti. Hammadu ya ce sai an gama. Hannunshi cikin randa, ya ce ma Jacob, "Taɓa tiyon sama. Mi kaka ji?"

"Wuta."

"Na ƙasa?"

"Ɗumi kaɗan."

"Shafa lagireto daga gefe zuwa tsakiya. A hankali, ba wanki kake ba."

"Gefe da zafi. Tsakiya kuwa sanyi ƙalau, Baba."

"Wane ruwa kake zuba mata?"

Jacob ya sosa ƙeya. Ya ce na tafki mana, ga ruwa har iyakar ganin ido, duk inda ya tsaya sai ya ɗiba da jarka. Na damina ma ya fi sauƙin samu.

"Ruwan damina rabinshi ƙasa ne. Ka cika mata ciki da laka, hanyoyin tsakiya sun toshe. Bisa kwalta iska na taimakonta, cikin laka kuwa tana aiki ba iska. Kan inji lafiya yake. A fasa lagireto a zuzzura, a mayar da tamostat ɗin da suka cire."

Da mai walda ya fasa lagireton washegari, Dudu ya rantse lakar da aka fitar ta isa a dasa shinkafa kadada guda, har da ɗan kifi a ciki. Mota ta warke sarai.

Dudu ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Kwana biyu cur ya riƙe bakinshi. Amma mutum goma sha wani abu ne a bencin, kuma kafin Juma'a duk Yelwa ta san ashe Inna Rakiya ce bakaniken. Jacob ya yi ta gardama a tasha, ya ce shi ma ya taɓa motar nan sau ɗari bai san mi yake ji ba sai da Baba ya tambaye shi. Ba wanda ya saurara. Mutane ba tambaya suke zuwa nema ba, taɓawa suke zuwa nema.

Ƙunar ta ƙi warkewa saboda sugan. A asibiti aka cire yatsu biyu. Ya komo gindin ceɗiya da hannu a naɗe, ya zauna sati uku, mota biyu ta tsaya, ɗaya ma hanyar Shanga take tambaya. Daga nan bai ƙara fitowa ba.

Bayan kaka Jacob ya je gida gaishe shi da ƙunshin banda. Ya same shi a zaure, Firdausi na ciki tana ɗaure mashi kaya za ta tafi da shi Argungu.

"Ya motar?"

"Lafiya lau, Baba. Har ƙauyukan bakin ruwa can na kai ta cikin laka, ko gumi ba ta yi ba."

"Wane ruwa kake zuba mata yanzu?"

"Na famfo. Jarka biyu nake ɗauka daga gida."

Hammadu ya gyaɗa kai. "To, kai ma ba ka da sauran abin zuwa wurina."

Jacob ya aje bandar a gefen tabarma, ya tashi ya shiga taya Firdausi fito da kaya.