Malmalar da Ta Dawo Gida

A lungunmu na Ƙofar Mata gida uku muke ciyayya tun kafin a haife ni: namu, da na Hajiya da mijinta ya karye a kasuwar yadi, da na wata tsohuwa da muke kira Iya, wadda mijinta marini ne kafin ya rasu. Kullum da yamma kowane gida zai zuba abin da ya dafa ya aika wa sauran biyun. Ba a tambaya, ba a godiya mai yawa, kuma ba a karɓa a ƙi aikawa.

Ni malamar firamare ce. An taɓa tara mu a wani taron bita aka ce ƙasashen duniya sun yi alkawari, nan da shekarar 2030 babu sauran talauci babu yunwa, mu je mu koya wa yara. Na dawo ina ba Ummanmu labari da zumuɗi. Ko kallona ba ta yi ba, tana shirin tankaɗe ta ce to Allah ya kai mu, in miƙo mata rariya.

Marar da Umma take kwashe tuwo da ita ta tsage a baki, don haka kowace malmala tata tana fitowa da zane a gadon baya. Na sha yi mata tsiya ta sayi sabuwa, ta ce ita da marar mutu ka raba.

Shekarar da masara ta fi ƙarfin kowa, wata Laraba na kai malmala ɗaya gidan Hajiya, ɗaya gidan Iya. Kafin magariba kwanuka biyu suka shigo mana kamar kullum. Umma ta buɗe na Hajiya, ta buɗe na Iya, sai ta zauna a bakin murhu. Na leƙa. Duka biyun da zanen marar nan. Hajiya ta juye namu a kwanonta ta aika wa Iya, Iya ta juye namu ta aika wa Hajiya, kowacce kuma ta turo mana abin da ta samu daga 'yar'uwarta, tana zaton girkin can ne. Ashe ranar ba a ɗora tukunya a gida biyu ba, kuma ba wadda ta kai loma baki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce bari in mayar musu yanzu, wannan wace irin kunya ce da za ta kashe mutum. Umma ta riƙe mini mayafi.

"Idan kika mayar, kin tona musu asiri. Gobe in kin kai musu tuwo, ki ce sadakar Babanku ce."

Sadakar mamaci ba a rama ta. Haka marigayi Babanmu ya yi ta shan sadaka kullum, su suna karɓa suna yi masa addu'a, mu muna rage cikinmu. Na tabbata sun gane, amma ba wadda ta nuna.

Da damina ta yi tsakiya buhunmu ya ƙare, albashi kuma bai shigo ba. Umma ta kife marar a kan randa. Ba wanda ya aiko tambayar abin da ya tsayar da sadakar. Hajiya ta koma wajen ɗanta a Goron Dutse. Iya ba ta da inda za ta.

Da Iya ta rasu, mutane suka ce ciwon tsufa ne. Umma ce ta yi mata wanka. Har yau ina koya wa yara alkawarin nan, suna maimaitawa da ƙarfi, ni kuma abin da Umma ta faɗa da ta dawo shi nake ji. Tana wanke hannu a bakin rijiya ta ce:

"Ni kaɗai na ɗaga ta. Ban nemi a kama mini ba."