Kwalbar da Na Ba Kawu Bulus

Na sayar wa Kiristoci 'yan'uwana man gyaɗa a kwalba, na ce musu mai tsarki ne. Kawuna ya mutu a kan wannan ƙarya. Ni kuma na tafi gidan yari.

Ban yi makaranta ba. A wani ƙauye kusa da Malumfashi aka haife ni. Mahaifina ya rasu da wuri, Kawu Bulus ya riƙe ni. Kakanmu Bamaguje ne, yana da tukunyar tsafi a gindin rumbu inda yake yanka kaza kafin shuka. Ranar da ya karɓi Yesu ya fasa ta da hannunsa. Da wannan labari muka tashi. Mun ɗauka gumaka sun ƙare a gidanmu.

Noma ya ishe ni, na tafi Funtuwa dako a kasuwar hatsi. Nan na haɗu da wani mai wa'azi da ke yawo da lasifika, na zama mai ɗaukar masa kaya. Wata rana na gan shi a bayan tasha yana ɗura man gyaɗa a ƙananan kwalabe. Ya ce, "Ka ga wani abu?" Na ce ban gani ba. Ya miƙo mini kwalba, ya ce in gwada sa'ata. Nan da nan aka saye.

Da ya bar gari na ci gaba ni kaɗai. Na ɗinka farar riga, na bi kasuwannin ƙauye daga Dayi har Mahuta. Na ce man yana korar tsutsa daga masara, yana sauke hawan jini. Na sayi babur. Tsofaffi suna durƙusa mini. Nawa gunkin ke nan, babur da durƙuso. Addu'a kuwa na daina, sai ta gaban jama'a.

Kawu yana da hawan jini, yana karɓar magani a asibiti. Na je gida ya ce, "Ɗana, ni ba za ka ba ni ba?" Na ce, "Kawu, ka dai ci gaba da na asibiti." Ya yi dariya. "Kai da ke warkar da bare?" In na faɗi gaskiya kasuwata ta mutu. Na ba shi.

Da na sake zuwa, na tarar ya rataye kwalbar a gindin rumbu, daidai inda tukunyar kakanmu take a da. Kowace safiya sai ya shafa kafin ya tafi gona. Maganin asibiti ya watsar. Na gani. Na tayar da babur na tafi.

Lokacin karyar masara Kawu ya faɗi a gona, bai sake magana ba har ya rasu. Ɗansa ya kai ni ƙara. Waɗanda suka fasa feshi tsutsa ta cinye musu gona suka biyo baya. A kotu ban musa ba.

A gidan yari ba wanda ya leƙo ni. Sai wani dattijo mai zuwa yi wa fursunoni addu'a ran Lahadi. Ya tambaye ni, "Yanzu da wa ka dogara?" Na ce ba kowa. Ya ce in durƙusa, wannan karon ni zan yi durƙuson. Na yi. Na roƙi Ubangiji gafara.

Da aka sake ni na je gida. Matar Kawu, Inna Rifkatu, tana sussuka. Kwalbar tana nan a rataye. Na ce, "Inna, man gyaɗa ne." Ta ce, "Na sani. Na bar ta ne jikokina su ga abin da ya kashe kakansu." Ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, "Na yafe maka saboda Yesu. Amma kada ka kwana a gidan nan."

Samari, gunki ba sai na ƙasa ba. Duk abin da kuka ba shi matsayin Allah a zuciya, kwalba ce, ko babur, ko mutum mai farar riga, ku sauke shi tun kafin ya ci muku wani. Mara lafiya ya yi addu'a, ya sha maganinsa.

Yanzu ina Funtuwa, na koma dako. Ran Lahadi ina zama a bencin baya, in fita kafin a fara gaisawa. Gida ban sake komawa ba.