Sheƙar da Na Ɗinke wa Gwauro

Ranar wata Juma'a cikin Agustan 1991, Baba na zaune ƙarƙashin icen bedi, wato dogon-yaro, a gidanmu na unguwar Zariya ta Maraɗi, rediyo a kunne yana bin muhawarar babban taron ƙasa, sai ga sheƙar tsuntsu ta faɗo cikin kofin shayinsa. Tsuntsayen marai sun mamaye icen tun farkon damina. Suna yagar ganyen dawar garkar Inna suna saƙa, kowane namiji ya rataya a ƙofar sheƙarsa yana kaɗa fiffike yana waƙa. Mace ta zo ta leƙa, in ba ta yi mata ba ta tashi, shi kuma ya warware ya sake. A reshen da ke bisa kan Baba akwai wani da kullum warwara yake yi. Kaka, wadda ta zo mana daga Tsibiri, ta raɗa masa suna Gwauro.

Baba ya ce gatari zai sa wa reshen. Kaka ta ce reshe mai ƙwai ba a sare shi, alhaki ne, sai aka shirya a kan cewa in Juma'a ta zagayo babu amarya, a sare. "Ka gani ko, angona?" in ji ta da ni. "Namijin da bai iya saƙa ba, ko inuwa ba ya da."

Aikina a hutun lakwal, wato makaranta, korar tsuntsaye ne daga garka, amma sai na koma kauda kai in Gwauro ya sauka. Na lura, ko dai haka na ɗauka, gindin sheƙarsa ne ke sakwarkwacewa. Ana sallar azahar ran Laraba na ɗauki allura da jan zaren Inna, na hau icen, na ɗinke shi tsaf, har da ninki don kada a samu matsala. Gwauro ya dawo, ya zagaya, ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ya hau tsinka. Da la'asar sheƙar ta sauka a hular Baba, jan zare na reto.

Na shirya wa bulala. Baba ya juya sheƙar, ya dubi ɗinkin, ya dube ni, ya yi dariya har da tari. "Wanda ke da tela a gidan nan ya fi ƙarfina," ya ce, ya ja tabarmarsa zuwa zaure. Bayan kwanaki mace ta shiga wata karkatacciyar sheƙa a reshen. Ina jin ta Gwauro ce, kodayake mazan duk kama ɗaya gare su, ba zan rantse ba.

Yanzu shaguna ne a wurin garkar, ƙarar babura ta cika unguwar. 'Ya'yana a waya suke jin kukan tsuntsu. Ni kam har yau in na ji na marai, sai na tsaya.