Iskar da Inna ta rage

Ina koyarwa a Tsafe aka aiko cewa an ɗauko Baba daga Bungudu an kai shi wani asibiti a Gusau, numfashi ya gagara. Lokacin shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha. Na same shi a zaune, don kwanciya ba ta yiwuwa, leɓɓansa sun yi duhu.

Likita ya ce a Turai akwai na'urar da ke fitar da jinin mutum, ta ba shi iska a waje, ta mayar, huhu ya huta. Gaskiya na ji haushin labarin. Mu tukunyar oksijin ɗaya muke nema, ta asibitin ta ƙare.

Wani mai walda a Sabon Gari, Kirista, da ke sayen dawa wurin Baba duk kaka, shi ya rufe shago ya turo tasa a baro. Nas ta haɗa, ta nuna min ɗan ƙwallon da ke rawa cikin gilashin ma'auni, ta ce kada ya sauka daga nan. Da Turanci ta faɗa. Na gyaɗa kai irin na malamin makaranta, ban kuwa fassara wa Inna ba.

Inna, mahaifiyata, mace ce da ke tsaga ashana ɗaya gida biyu. Shekarun wahalar kananzir ne kuma, hannunta ya saba da rage lagwani.

Washegari na dawo daga sallar la'asar na tarar ƙwallon ya sauka ƙasa, Baba yana haki.

"Inna, wa ya taɓa wannan?"

"Ni na rage ta. Na ga shina kwana, na ce don mi za a yi ta ɓarna? In ta ƙare, ina munka ga wata?"

Na mayar da iskar yadda take. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga yadda take yi masa fifita, idonta a kan ƙirjinsa. Na haɗiye. Ashe tun jiya take ragewa duk lokacin da na fita.

Baba ya rasu da hantsi a kwana na uku. Likita ya ce huhun ya riga ya lalace, ko da me aka yi. Yawanci nakan yarda da shi. Ranar da ban yarda ba, kaina nake tuhuma, don magana ce ta minti ɗaya na kasa yi.

Mai waldan ya zo mana ta'aziyya Bungudu. Cikin hira ya ce da ya ɗauko tukunyar ya tarar da sauran iska mai yawa. Inna ta ji daga inda take zaune.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ko ba komi, ba ta yanke mai ba."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ban taɓa gaya mata ba.