Rumfar da Na Fara Rufewa

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta cika da gwaurayen dole. An kwaso ma'aikata an zube su a garin da bai shirya musu ba, iyalansu na can baya, mutum huɗu ko biyar a ɗaki guda a Gwadangaji ko Badariya, kowa da tabarmarsa da butarsa. Babu mai iya hura wuta a cikinsu. Saboda haka da an sallame azahar sai a nufi rumfar gwaggona da ke kusa da tasha. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata.

Rumfar zana ce da rufin kwano, benci uku da tabarmi biyu. Tuwon shinkafa take yi da miyar sure, sai kifin da ake aiko mata daga Argungu a motar farko. Baƙo mai wucewa kaɗai ake zuba wa a kwano shi ɗaya. 'Yan gari babban tire take cika musu, mutum shida su kewaye shi, akawu da direba da malamin makaranta, hannu na karo da hannu. Kwanon wanke hannu ɗaya ne, babba ya fara, ruwan ya zagaya har ya ɗauki launin miya kafin ya iso kan ƙarami. A bakin tiren nan ake jin wanda aka ƙara wa girma da wanda aka jefa ƙauye. Har yau in ƙanshin daddawa da kifi ya buge ni, wannan rumfa nake gani, kuma ina kewarta ƙwarai.

Ni a lokacin duba-gari ne, kaki sabo, kai da zafi. Na sha karatun tsafta har ina ganin ƙwayar cuta a kan kowane murfin tukunya. Amma a tiren Gwaggo nake ci kamar kowa, kuma ban taɓa ce mata uffan a kan kwanon wanke hannu ba. Wa ya isa.

Sai wata damina amai da gudawa ya shigo gari. Da farko daga ƙauyukan bakin fadama ake jin labari, kafin mako biyu asibiti ya cika har ana shimfiɗa wa mutane tabarma a baranda. Wanda kuka gaisa da safe sai ka ji an yi jana'izarsa da la'asar. Muna yawo unguwa-unguwa muna zuba magani a rijiyoyi, muna koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Daga nan umarni ya zo cewa a rufe duk wuraren sayar da dafaffen abinci har sai abin ya lafa, aka ba ni ɓangaren tasha.

A nan na tafka wauta. Na ce a raina, kowa ya san ɗan wa nake, in na fara da rumfar wani za a ce na bar ta gida. Don haka na sa ta Gwaggo a farko, in nuna wa duniya ba ni da son kai. Kuma kunya ta hana ni tsayawa gabanta da kaki in ba ta umarni, sai na rubuta takarda na tura abokin aikina da hantsi, daidai lokacin da tasha ta fi cika. Sauran rumfunan ni na bi su da kaina washegari, ina ba da haƙuri. Ina ta yaba wa kaina adalci.

Gari bai karanta abin yadda na rubuta shi ba. Aka ce in har ɗanta na cikin gida ita ya fara rufewa, kuma ya kasa ko taka wurin, to akwai abin da ya gani a tukunyarta. Kafin Juma'a magana ta zama cewa daga kifin Gwaggo cutar ta fito. Babu ko mutum ɗaya da aka tabbatar ya kamu a rumfarta, amma wa zai tsaya bincike ana binne mutane? Ta kife tukwanenta, ta hau mota zuwa Argungu wurin ƙanwarta, ba ta yi mini sallama ba.

Bayan kaka ta kama, cutar ta ja baya, aka ce a buɗe bisa sharaɗi. Kowa da kwanonsa, ba tire. Buta da sabulu, a zuba wa mutum ruwa a hannu ya zube ƙasa. Ruwan sha a tafasa, abinci a rufe saboda ƙuda. Rumfuna suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ta Gwaggo na nan da zana a ƙofa, awaki na kwana a gindinta. Tsofaffin abokan tirenta suka koma cin wata shinkafa mai tsakuwa a unguwar Nasarawa, in mun haɗu su gaishe ni sama-sama.

Ranar wata Asabar na tafi Argungu. Hanya duk shinkafa ce ta nuna, fadama shimfiɗe har inda ido ya tsaya, amma ban ji daɗin kallonta ba. Na same ta a tsakar gida tana gyaran kifi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar mai amsa wa maƙwabci. Na yi ta bayani, na kawo doka, na kawo yawan mutanen da suka mutu, na ce yanzu an ba da izini. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ajiye wuƙa.

"Ruhewa ba ta dame ni ba," in ji ta. "Ni ma na ga gawa. Da ka zo da ƙahwarka ka ce Gwaggo ruhe, da na ruhe da hannuna. Amma ni kah hwara ruhewa, kuma da takarda. Shekara nawa ina ba mutane abinci, yau an ce ni ka kashe su."

Na ji kunyar da ta fi wadda ta hana ni zuwa da farko. Na tambaye ta me zan yi. Ta ce bakin da ya ɓata shi zai gyara, kuma ba da magana ba, don gari ya ƙoshi da maganar duba-gari.

Ta dawo ranar Laraba. Ta sayi kwanoni sababbi, buta biyu, sabulu sanda guda, ta bi sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya har ta fi ni tsanani. Tiren ta jingine shi a bayan rumfa, kuma bai sake saukowa ba, ko bayan an manta da annoba. Mutane sun saba da kwanonsu, kowa ya ci ya tashi. Na san hakan ya fi lafiya, ni na koyar da shi, amma hirar ta tafi tare da tiren.

Ranar buɗewa ta sa aka fito da benci ɗaya waje, bakin hanya, inda duk mai shiga tasha zai gani. Na zo da azahar cikin kaki da hula, na zauna ni kaɗai. Ita da kanta ta zuba mini ruwa na wanke hannu, ta dire mini tuwo da kan tarwaɗa. Direbobi na jingine da motocinsu suna kallo, wani akawu da muka shekara muna ci tare ya tsaya can tsallaken titi yana gyara hularsa da ba ta karkace ba. Yunwa ba ta kama ni ba, kunya ce ta cika mini ciki, sai na hau kai loma da sauri don in gama in tashi.

Gwaggo ta sunkuyo kamar za ta ƙara mini miya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ci sannu, ɗana. Bari su gan ka da kyau."

Kwana tara na yi ina ci a kan bencin nan ni kaɗai kafin akawun ya tsallako.