Gonar Inna a Ƙarƙashin Kasko

Duk baƙon da ya zo unguwarmu a Sokode sai ya tambayi me ya sa titunanmu ba sa miƙewa. Maza su ce masa siyasa ce. Ƙarya suke yi. Mu mata ne muka karkata su, kuma ni na fara.

Lokacin da na tashi, wurin nan ƙauye ne a gefen gari, daga gonar doya sai ta dawa sai hanyar ƙafa. Inna, mahaifiyata, tana da gonar doya da Baba ya rasu ya bar mata. Ita ce cinmu, ita ce suturarmu, kuma Inna ba ta da wani abu a duniya bayan ita. Gari kuwa kullum matsowa yake yi.

Wata shekara ofishin magajin gari ya turo mai awon fili, wanda muke kira jomet. Ya kafa wa kowace gona duwatsun siminti huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kowanne da lambarsa. Borni ake ce musu. Ya ce wa Inna, da Hausarsa ta kasuwa mai mayar da kowa namiji, "Mama, abin da ke tsakanin huɗun nan naka ne. Ka zo ka karɓi takarda."

Ba ta kai ga karɓa ba ƙasa ta rikice da neman dimokuraɗiyya. Yau zanga-zanga, gobe sojoji, jibi yajin aikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ofisoshi suka yi wata da watanni a rufe. Ni ina aure a Dapaong, can ƙarshen arewacin ƙasar, mijina direban babbar mota ne, sai ya kawo ni gida kafin ƙura ta lafa.

Inna ta lura masu zanga-zanga ta gefen gonarta suke bi, kuma da yunwa suke dawowa. Ta kafa murhu a bakin hanya ta fara suyar doya. Amma duwatsun murhun ba su daidaita ba, kullum kasko a karkace, mai yana tsiyayewa. Sai bakina, wannan bakin nawa da bai taɓa jawo mini alheri ba, ya buɗe.

"Inna, ga duwatsu can an dasa miki, tsayinsu ɗaya, kansu a shafe."

"Ke, ba na hukuma ba ne?"

"Wace hukumar? Wadda take yajin aiki?"

Da hannuna na tono uku. Wallahi kasko bai taɓa zama daram irin na ranar ba. Maƙwabta suka zo kallo, Hausawa da Kotokoli, kowa na cewa ashe gwamnati ta san darajar mata. Kafin mako ya zagayo babu borni ko ɗaya a gonakin ƙauyen, duk suna ƙarƙashin tukwane. Na huɗun Inna kuwa mijina ne ya ɗauka, wai birkinsa ba shi da amana, zai riƙa tokare taya da shi a hawan dutse. Ya tafi da shi Dapaong.

Da aka koma aiki sai ga jomet ba sallama, ya rame, yana waige-waige. Taswirar da ya zana ta ɓace. Mutanen gwamnati suka ce 'yan adawa ne suka ƙone ta, 'yan adawa suka ce gwamnati ce ta ɓoye, mai sharar ofishin kuma ya ce gara ce ta cinye, amma wa zai saurari mai shara? Jomet ya rantse ba zai sake auna ko taki ɗaya ba, kada a ce yana wani ɓangare. Inda ya ga borni, nan ne iyaka. Haka ya bi murhu-murhu da wuƙa yana kankare baƙin hayaƙi yana karanta lamba.

Ya iske Inna da mai a wuta. Ya tsuguna ya auna tsakanin duwatsun, kamu biyu-biyu.

"Ina na huɗu?"

Na ce, "Yana Dapaong."

Ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ɗauki tsinke ya ja dogon layi siriri daga gindin kaskon ya nufi arewa da shi, har tsinken ya karye.

"Mama, in na rubuta wannan, ka raba ƙasar nan biyu. A wannan lokacin! Sojoji za su zo su tafi da ni da kai."

Inna ta ce, "To ɗan nan, ka rubuta gonata mana, ga ta nan kana kallo."

"Ni ba gona nake kallo ba, Mama. Borni nake kallo."

Ya ci doya yanka huɗu, ya rubuta uku, ya tafi. Takarda ta fito da hatimi har biyu: Inna ta mallaki fili mai kusurwa uku, daidai zaman kasko. Sauran gonar aka ce ba mai ita, aka ba da ita a gina tashar mota. Filayen maƙwabta ma haka, shi ya sa da aka zo fitar da tituna sai da suka riƙa kewaye murhun mutane.

Mun yi zarya ofis har takalmanmu suka cinye. Kullum sai a yaba mana, wai duk unguwar babu takarda mai kyan tamu. Ranar da motar share fili ta zo, Inna tana gabanta da gudu tana tonon doyar da ba ta nuna ba. Ni na tsaya ina kuka, don na san aikina ne. Na so ta zage ni, ko ta mare ni in huta. Ba ta taɓa ba.

Haka ta zauna shekara da shekaru a tsakiyar tasha, tana soya doyar da take saye daga kasuwar Aouda, motoci na kewaye ta. Duk wanda ya zo tashinta sai ta zaro takarda daga lalita, ya karanta, ya ba da haƙuri, ya sayi doya.

A shekararta ta ƙarshe, ƙafa ta ƙi, sai wata safiya ta ce, "Ki kai ni gona." Na ɗauka ruɗin tsufa ne. Ashe tasha take nufi. Ta sa na sauke kasko, na kwashe toka, na ɗebo ƙasa a kwano na yi tsibi ɗaya tsakanin duwatsun. Ta dasa irin doya da hannunta, direbobi na ta hon. Ta dube ni tana murmushi ta ce, "Da mijinki ya bar mana na huɗun, da tsibi biyu muka yi."

Ba ta ga kaka ba. Ni na tone doyar, guda ɗaya, a lanƙwashe, don ba ta sami wurin miƙewa ba.