Faɗin Yatsu Huɗu

Akwai wata ranar Lahadi a Landan da ba za ta bar raina ba sai ranar da aka binne ni. An kusa shekara hamsin, amma duk sanda na tuna ta sai in ji zuciyata ta tafasa kamar jiya abin ya faru. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa wani tsohon Bature ne ya cuce ni. Sai da furfura ta cika min kai na yarda cewa rabin haushin nan, har da ɗori, kaina nake yi wa.

Ni ɗan reluwe ne gaba da baya. Mahaifina shugaban leburorin dogo ne a wajen Zariya. Shekara talatin da biyu ya yi yana bin layi a ƙafa, da wani sandan ƙarfe a kafaɗa, wanda yake gittawa tsakanin ƙarafan dogo biyu don ya ga ko sun buɗe ko sun matse. Bai yi boko ba, amma akwai lissafi ɗaya da ko daga barci aka tashe shi zai faɗa maka: ƙafa uku da rabi. Faɗin layin ƙasarmu ke nan. Yakan ce nauyi ba ya ka da jirgi, cin amanar awo ne yake ka da shi.

Ni kuma na zama fita, wato makaniki, a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa. Da kuɗin fetur ya fara ambaliya, gwamnati ta shiga tura mutane karatu waje, sai aka kwaso ni aka kawo ni Landan in koyi gyaran injin dizal. Na kama ɗaki a Camberwell. Kewar gida ta kusa kashe ni. Wata rana ina yawo a wani lambun shan iska sai hancina ya jiyo warin kwal da baƙin mai, irin na loko sak. Na bi warin kamar kare.

Abin da na tarar ya sa na saki baki. Wasu dattawan Turawa ne, yawanci 'yan fansho, suka yi ƙungiya suna ƙera ƙananan kawunan jirgin ƙasa da hannunsu. Ba na wasan yara ba, na gaske ne, da tukunyar ruwa da wutar kwal da tururi da usur, sai dai tsawon kowanne bai fi na tunkiya ba. Sun shimfiɗa layi a kan turaku daidai gwiwa, ya zagaye lambun. Mutum zai hau wani ɗan benci mai taya a baya, ya zura ƙafafu gefe da gefe, ɗan injin ya ja shi har da mutum uku ko huɗu. Layin kuwa ƙarfe uku ne a jere, don ya ɗauki jirage iri biyu: ƙananan suna hawa faɗin inci uku da rabi, manyan inci biyar.

Da na ji “uku da rabi” sai na tuna lissafin Baba. Na ce ashe Allah ya ajiye min abina a nan. In na mai da kowace ƙafa ɗaya inci ɗaya, ai jirgin ƙasarmu zai zauna a kan wannan layi daram, babu ragi babu ƙari. Na shiga ƙungiyar, na aika loko aka kwafo min zanen wani kan jirgi da ke jan gyaɗa daga Kano, wanda Baba ya fi so don ya ce ba ya cin layi. Shekara biyu da 'yan watanni na yi a kansa. Abokaina suna Oxford Street suna sayen takalma masu tudu da rediyo, ni ina rumfar ƙungiya da magagari a hannu, farcena baƙi ƙirin.

Na rubuta wa Baba wasiƙa, ƙanwata ta karanta masa, don a lokacin idonsa ya fara tafiya. Na ce masa tsakanin tayoyin jirgin faɗin yatsunsa huɗu ne cif. Ta rubuto min cewa tun ranar bai bar kowa ya huta ba a tasha. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ɗaga masa yatsu huɗu ya ce, “Injiniya ya kai awonmu birnin Sarauniya.” Haka yake kirana, Injiniya, rabi zolaya rabi alfahari.

Ana nan sai yayana ya samu kwangila, ya ce za a kawo Baba asibiti a Landan a duba idon, nan da wata biyu, ya yi sati uku ya koma. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Na ce wallahi mutumin farko da jirgin nan zai ja, Baba ne. An riga an gwada tukunyar an ce lafiya lau. Abin da ya rage kawai sakataren ƙungiya ya sa hannu, don ba a ɗora sabon inji a layi sai da izininsa.

Sakataren nan wani dogon tsoho ne mai lofe, irin mutanen da ke yi maka murmushi suna yanka ka. Ya zagaya jirgina sau biyu, ya zaro rula daga aljihu, ya auna jiki, ya auna tsakanin tayoyi, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce da Turancinsa na hanci, “Wrong gauge, my friend,” wato na yi kuskuren awo. Wai jiki mai wannan girma na layin inci biyar ne, na ɗora ƙaton jirgi a kan 'yan matsattsun tayoyi, zai kife a kwana.

Na ce masa ba kuskure ba ne, layin ƙasarsu ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi, namu uku da rabi, shi ya sa jiragenmu suke da faɗin jiki a kan siririn layi. Na nuna masa zanen. Ko karɓa bai yi ba. Ya busa hayaƙi ya ce ya yi shekara arba'in a wannan harka, ya san jirgi in ya gan shi, kuma mai yiwuwa wanda ya kwafo min zanen ne bai iya karatun lambobi ba.

Jama'a, ku ji ƙarfin hali! Su suka zo ƙasarmu suka shimfiɗa layin nan. A masana'antunsu aka ƙera jirgin, aka ɗora shi a jirgin ruwa aka kai mana. Ubana ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin awon da suka yanka mana. Yau kuma ga ɗaya daga cikinsu yana gaya min wai babu shi. Na ji kamar in ƙwace lofen in cusa masa a hanci. Amma na haɗiye, na tambaye shi ina mafita. Ya ce ko dai in jira taron kwamiti a ƙarshen bazara, ko in buɗe tayoyin su koma inci biyar ya sa min hannu a take. Ƙarshen bazara kuwa Baba ya daɗe da komawa gida.

A nan ne na yi abin da har yau nake cizon yatsa. Na ce a raina ai Baba ba ya gani sosai, abin da yake so ya ji usur ya ji ana jansa, inci ɗaya da rabi me zai rage masa? Ban tsaya na nemi sauran dattawan ɗaya bayan ɗaya ba, ban ɗaga murya ba, ban ma jira na huce ba. Kuma in faɗi gaskiya, akwai wani ɗan lungu a zuciyata da yake so tsohon nan mai lofe ya ce na iya. Na kwance jirgina da hannuna. Na fere sababbin sandunan da ke haɗa tayoyi, na buɗe ƙashin jikin, na matsar da komai waje. Sati bakwai ina ɓata aikin shekara biyu, ina zagin sakatare a zuci, alhali magagarin a hannuna yake.

Baba ya zo. Likitoci suka duba suka ce an makara, idon ba zai dawo ba. Bai ko damu ba. Muna fitowa ya ce, “To, an gama da nasu. Yaushe za mu ga namu?”

Lahadi ta ƙarshe kafin ya koma na kai shi lambun, da babbar rigarsa da kwat ɗina a sama. Tun daga ƙofa ya tsaya ya shaƙi iska ya yi dariya. “Kai, Injiniya, wannan ai loko ka kawo ni!” Na ja shi zuwa teburin ƙarfen da jirgin yake kai. Na ɗauko ashana zan hura wuta, ya riƙe hannuna. “Dakata tukuna. In ya yi zafi ba zan iya ganinsa ba.”

Ya fara shafa shi daga gaba. Ya taɓa fitila, ya taɓa bututun hayaƙi, ya bi ta kan tukunya har ɗakin direba, yana kiran sunan kowane abu yana cewa, “Shi ne, wallahi shi ne.” Fuskarsa ta yi haske irin wanda ban taɓa gani ba. Sai ya sunkuya, ya haɗe yatsunsa huɗu, ya zura su ta ƙasa tsakanin tayoyi. Suka shige, suka yi lilo. Ya ƙara babban yatsa, har yanzu da saura. Ya zaro hannun ya gwada tayoyin baya. Sannan ya miƙe a hankali.

“Ka ce yatsu huɗu.”

Na fara kame-kame, ina ba shi labarin sakatare da kwamiti da ƙarshen bazara. Ya bar ni na gama.

“Shi Baturen, ya taɓa auna layinmu?”

“A'a, Baba.”

“Ni na auna shi shekara talatin da biyu. Ka tambaye ni?”

Ana haka sai ga sakatare ya ƙaraso da murmushinsa. Ya dafa kafaɗata, ya ce yauwa, yanzu ne ya zama jirgi na gaskiya, in gaya wa tsoho ɗansa yana koyo da sauri. Wallahi ban san lokacin da na ture hannunsa ba. Duk abin da na haɗiye sati bakwai ya fito. Na ce masa jahili ne mai rula, na ce bai san komai ba bayan katangar lambun nan, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Mutane suka taru, jirage suka tsaya, lofen ya kusa faɗuwa daga bakinsa.

Baba bai ji Turancin ba, amma ya ji muryar. Ya ce, “Kai, rufe min baki.” Ba Injiniya ya ce ba, kai kawai. “Kai ni bakin layin.”

Na kai shi. Ya lalubi ƙarafan nan uku, ya sa yatsunsa huɗu tsakanin biyun da ƙananan jirage ke hawa. Suka zauna cif, kamar don su aka yi. Ya daɗe bai cire hannun ba.

“Ga hanyarmu nan a ƙasar mutane, tana jira,” ya ce. “Kai ne ba ka zo da jirgin ba. Kuma ka daina zagin bawan Allahn nan. Shi abin da ya sani ya faɗa. Kai ne ka ƙaryata abin da ka sani.”

Na roƙe shi ya hau ko zagaye ɗaya ne. Ya ce tun da ya zo garin nan jirgin mutane yake hawa, a ƙarƙashin ƙasa ma an zagaya da shi, ya ishe shi. In na mai da wannan yadda yake, in aiko masa ya sani. Muka koma Camberwell a bas. Ranar Laraba ya tashi.

Na sake kwance jirgin, na mai da shi uku da rabi. Da kwamiti ya zauna na shimfiɗa musu zanen a tebur, wani tsoho da ya taɓa aiki a ƙasashen zafi ya kalla ya ce ai wannan sanannen abu ne. Ko minti biyar ba a yi ba aka ba ni izini. Minti biyar! Jirgin ya zagaye lambun nan sau goma da mutum huɗu a baya, bai ko girgiza a kwana ba. Sakatare yana tsaye yana tafi tare da kowa, ya manta ma an yi wani abu. Wasiƙar da na rubuta don in gaya wa Baba ta yi saɓani a hanya da wadda ke ɗauke da labarin rasuwarsa.

Jirgin yana nan a ɗakina a Zariya. Jikokina sun san ba a hura masa wuta sai kowa ya zura yatsu huɗu ya ji. Abin da ranar nan ta koya min shi ne, duk wanda zai auna ka da rularsa yake zuwa, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin kunya shi ne ka san awonka ka fere kanka don ka shiga nasa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, ni kuwa na aro inci ɗaya da rabi don in rufe idon makaho, ya gano ni da hannu. Na yafe wa mai lofe tuntuni. Wanda har yau ban gama yafe wa ba shi ne wanda ya riƙe magagarin.